Wa Ke Cin Gumin Wa? Rigimar Rabon Harajin VAT Tsakanin Arewa da Kudu

A watan Satumban 2021, gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya tara manyan 'yan kasuwa a Fatakwal ya karanto musu wasu alƙaluma. A cewarsa, a watan Yunin shekarar an tara harajin VAT na kusan naira biliyan 15 a jiharsa, amma da aka zo rabo a Abuja biliyan 4.7 aka ba ta. Legas ta tara sama da biliyan 46, aka ba ta biliyan 9 da 'yan kai. Kano kuwa biliyan 2.8 ta kawo, biliyan 2.8 ta karɓa. Kafin gari ya waye alƙaluman nan sun zagaye ƙasa, tsohon zagin nan na "cima-zaune" ya dawo sabo. Daga Arewa aka mayar da martani da zafi, amma yawancin martanin na fushi ne, ba na lissafi ba. Alhali a lissafin ne maganar take.

Shi dai harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da mutum ya saya ko aikin da aka yi masa, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Ya maye gurbin harajin sayarwa da jihohi ke karɓa da kansu, aka ce gwamnatin tarayya ta riƙa tarawa a madadinsu. A watan Fabrairun 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. Tsarin rabon da aka daɗe a kai shi ne tarayya ta ɗauki kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Abin da ya faɗo hannun jihohi kuma, rabinsa raba-daidai ake yi, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda harajin ya fito.

To, ina ne "inda ya fito"? A ɗauki mai shayi a bakin Kantin Kwari. Da asuba ya sayo katan ɗin madara da taliyar yara da sukari da ganyen shayi, ya tura wa dillali kuɗi ta waya, banki ya ciri ladansa, sannan ya sa katin ɗari biyar ya kira ƙauye. Akwai VAT a cikin katin, akwai a cikin ladan bankin, akwai a wasu kayan da ke kan teburinsa. Daga aljihun Bakano kuɗin suka fita, a cikin Kano. Amma kamfanin wayar da bankin hedikwatarsu na Legas, kuma daga hedikwata suke biyan harajin ƙasar baki ɗaya a dunƙule. A littafin hukumar tara haraji, a ƙarƙashin wancan tsarin, wannan kuɗin "na Legas" ne. Haka kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko da a Kasuwar Kurmi ko Monday Market ta Maiduguri za a sayar da su. Saboda haka alƙaluman da Wike ya karanta ba ƙarya ba ne, sai dai adireshin kamfanoni suke aunawa, ba gumin mutane ba.

Ga kuma wani gefen. Doka ta cire ɗanyen abinci daga VAT, kuma daidai ne ta cire, don talaka ya samu sauƙi. Amma abin da Arewa ta fi fitarwa ke nan. Masarar Saminaka, albasar Aliero, hatsin da ake lodawa a Dawanau, shanun da ke tashi daga Potiskum da Maigatari da Mubi, duk ba sa barin sawu a littafin VAT. Manomi ya ciyar da Legas, amma a takarda bai kawo komai ba.

An taɓa gwada nuna wannan ƙarfin a zahiri. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairun 2021, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta hana lodi zuwa Kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo a kasuwar Mile 12 ta Legas. Sai dai a daidai lokacin, a kasuwannin tumatir na yankin Kadawa, kwanduna ne jere cikin rana babu mai taya, ƙasansu ya fara tsiyaya, manomin rani na kallon bashin taki da na man injin ban-ruwa na narkewa a gabansa. Da ƙyar yajin ya kai mako aka janye. Mai saye a can ya sha tsada, mai noma a nan ya yi asarar damina guda a cikin rani.

Sai maganar giya, wadda ita ce ta fi shiga bakin mutane. A watan Nuwamban 2020 hukumar Hisbah ta Kano ta farfasa kwalaben giya kusan miliyan 2 a yankin Dawakin Tofa, a 2022 kuma ta farfasa kusan miliyan 4. Hotunan katafila na bi ta kan tulin kwalabe sun zama hujjar masu cewa: kun haramta, kun fasa, sannan ƙarshen wata ku miƙo hannu a ba ku kaso daga harajinta. Ni dai a ganina tambayar tana da nauyi ta fuskar ɗa'a, kuma malamanmu da gwamnoninmu ba su taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba. Amma ta fuskar kuɗi ƙaramar magana ce in aka gwada da abin da ke fitowa daga sadarwa da bankuna da siminti da kayan da ake shigowa da su. Kuma ai ba a Kudu kaɗai ake sha ba. Akwai kamfanin giya a Kaduna, kowa kuma ya san abin da ake yi a wasu unguwanninmu bayan isha'i. Ana ɗauko giya ne domin ta fi saurin ɓata rai, ta mayar da rigimar lissafi ta koma rigimar addini.

Abin mamaki, gardamar ta girmi Najeriya kanta. Kafin Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, gwamnatin Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, sai da tallafi daga baitulmalin Ingila. Ita kuwa Kudu tana da teku, tana da kuɗin fito, kuma babban kaso na wannan kuɗin daga barasar da ake shigowa da ita daga Turai yake, barasar da aka hana shigar da ita Arewa. Ɗaya daga cikin manyan dalilan haɗewar shi ne a cike giɓin nan da rarar can. Masu kawo wannan tarihin don gori sukan manta ɗaya ɓangaren: talakan Arewa na biyan haraji da jangali kai tsaye tun kafin zuwan Turawa, ya kuma ci gaba da biya a ƙarƙashin En'e, yayin da a Gabas sai 1928 aka fara, raɗe-raɗin za a faɗaɗa shi kan mata kuwa ya haifar da boren matan Aba na 1929.

Mu ma muna da namu mantuwar. Duk lokacin da aka yi mana gori mukan ce da kuɗin gyaɗa da auduga aka gina ƙasar. Akwai gaskiya a ciki. Amma a zamanin dalar gyaɗa, tsarin da ake bi shi ne kowane yanki ya riƙe babban kaso na abin da ya samar. Tsarin mulkin 1960 da na 1963 sun bar wa yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙa a ƙasarsa. Da man fetur ya zama shi ne arzikin, sai kason ya yi ta raguwa har ya kai kashi 1.5 a farkon shekarun 1980, kafin tsarin mulkin 1999 ya tsayar da shi kan aƙalla kashi 13. A kan wannan hanya Isaac Adaka Boro ya ɗauki makami a yankin Neja Delta a 1966, a kanta aka rataye Ken Saro-Wiwa ɗan Ogoni da mutum takwas a watan Nuwamban 1995. Mutumin Ogoni da ruwansa ya gurɓace ba zai saurari labarin gyaɗa da kunnen da muke sauraronsa ba. Haka ɗan Legas da ke ganin jiharsa na da ƙananan hukumomi 20, alhali tsohuwar Kano da aka ƙirƙira tare da ita a 1967 ta zama Kano mai 44 da Jigawa mai 27, kowacce da kasonta.

Duk da haka, wanda ya ce rigimar ta Arewa da Kudu ce zalla bai duba da kyau ba. Lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke a watan Agustan 2021 cewa Ribas ce ke da hurumin karɓar VAT a ƙasarta, Legas ta bi sahu da tata dokar, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. Cikin waɗanda suka fito suka ce a bar wa tarayya tarawa har da gwamnan Ebonyi na lokacin, David Umahi. Ya san lissafinsa. In aka ce kowa ya ci abin da aka rubuta da sunansa, jihohin da za su tsira ba su da yawa, kuma da dama daga masu faɗuwar a Kudu suke.

Zagaye na biyu ya zo a watan Oktoban 2024, da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudirori huɗu na garambawul ga haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. Ciki har da ɗaga kason "inda ya fito" daga 20 zuwa 60, da ƙara VAT a hankali har ya kai kashi 15 a 2030. Ran 28 ga watan gwamnonin Arewa 19 ƙarƙashin Inuwa Yahaya na Gombe suka zauna a Kaduna tare da sarakuna, suka yi fatali da shi. Majalisar tattalin arziƙi ta ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta ba da shawarar a janye, shugaban ƙasa ya ƙi. Gwamnan Borno Babagana Zulum ya ce in aka bi wannan tsarin wasu jihohi ko albashi ba za su iya biya ba. Ali Ndume ya tayar da jijiyar wuya a majalisar dattawa, limamai suka ɗauka a huɗuba. Oyedele kuwa ya yi ta bayanin cewa sabon ma'aunin inda aka yi amfani da kaya ne, ba inda hedikwata take ba, kuma Legas ce za ta fi asara. Matsalar ita ce lafazin ƙudirin bai fito da hakan ƙarara yadda kowa zai natsu ba, ga shi ba a tuntuɓi gwamnoni tun farko ba. Gwamnatin da ta cire tallafin mai da jimla ɗaya ranar rantsuwa ba ta da jarin amanar da za ta ce a yarda da ita kawai.

Matsin ya yi amfani. A watan Janairun 2025 gwamnonin ƙasar 36 suka daidaita, dokar da aka sa wa hannu ran 26 ga Yuni kuma ta bar VAT a kashi 7.5. Kason tarayya ya sauko zuwa 10, na jihohi ya hau 55. A tsakanin jihohi, rabi raba-daidai, kashi 20 yawan jama'a, kashi 30 inda aka yi amfani da kayan.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne makon da aka yi taron Kaduna. Kwana huɗu bayansa, ran 1 ga Nuwamba, aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a gaban kotu a Abuja, yawancinsu daga Kano da Kaduna, a rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Manyan da suka iya haɗuwa da murya ɗaya kan kason wata-wata ba su yi irin wannan zama kan yaran da suka shafe wata uku a tsare ba. Tun bayan cire tallafin mai, abin da ake rabawa a Abuja ya haura tiriliyan guda a wata, kason kowace jiha ya ƙaru ƙwarai. Mai haƙƙin tambaya ina kuɗin suke shiga shi ne wanda aka fi kira ya fito ya kare su. Kuma gwamnan da ke neman adalci daga tarayya shi ne ke riƙe da kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a riƙa biyansu kai tsaye.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2023 sun nuna Legas ta tara wa kanta kuɗin shiga sama da biliyan 800, yayin da Taraba da Yobe da Kebbi kowacce ba ta kai biliyan 12 ba. Adireshin hedikwata ba zai bayyana dukkan wannan giɓin ba. Masaƙun Kakuri sun mutu, Sharaɗa da Bompai sun cika da rufaffun ƙofofi, fata da riɗi da citta kuma ɗanyu muke sayar da su, a sarrafa su a wani wuri, harajin ya faɗa can.

Yanzu kashi 30 ɗin nan ya rataya ne kan abin da kamfanoni za su rubuta: katan nawa suka sayar a Kano, kira nawa aka yi daga Sakkwato, buhun siminti nawa aka sauke a Bauchi. Babban dillali na iya saye a Legas da sunan kamfaninsa ya sauke a kasuwar Singa, daga nan kayan su watsu zuwa jihohi bakwai da Maraɗi babu rasit ko ɗaya. Jihar da ba ta da akantocin da za su zauna da hukumar tara haraji ta tarayya su bi waɗannan takardu layi-layi, abin da aka rubuta mata shi za ta karɓa.