Yadda Likitocin Fiɗa Suke Gano Mazaunin Ƙari a Cikin Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya san ƙasar Anka da Bukkuyum ya san aikin mahaƙan zinariya. Idan mahaƙi ya kuskure jijiyar dutse, wahalar yini kawai ya yi asara, gobe ya sake rami. Likitan da ke neman ƙari a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba shi da wannan dama, domin kuskuren da bai wuce faɗin ƙwayar dawa ba yana iya raba majiyyaci da maganarsa, ko ganinsa, ko motsin ɓarin jikinsa. Saboda haka wajibi ne a san ainihin mazaunin ƙarin tun kafin a buɗe ƙoƙon kai.

A da, alamomin ciwo su ne jagora. A shekarar 1884, a birnin Landan, likita Rickman Godlee ya cire ƙari daga ƙwaƙwalwar wani saurayi, bayan an ƙiyasta wurin daga irin farfaɗiyarsa da shanyewar hannunsa na hagu. A 1947 Spiegel da Wycis na Amurka, sannan a 1949 Lars Leksell na Suwidin, suka fito da wani ƙarfe da ake ɗaura wa kai, wanda ke ba kowane wuri a ƙwaƙwalwa lambobi uku: tsawo da faɗi da zurfi. Da aka fara ɗaukar hoton CT a 1971, sai ido ya ga abin da a da ake ƙiyastawa. A 1986 kuma David Roberts da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa kwamfuta za ta iya wannan jagoranci ba tare da ƙarfen ba.

Ga yadda abin yake. Da farko a ɗauki hoton CT ko MRI, kwamfuta ta harhaɗa shi ya zama taswirar kan majiyyaci. A ɗakin tiyata, sai a kafe kan don kada ya motsa, likita ya taɓa wasu wurare, kamar karan hanci da gefen ido, da wani tsinke mai alamomi, domin kwamfuta ta daidaita taswirar da kan da ke kwance. Daga nan kyamarori biyu suna bin tsinken, duk inda ya nufa sai allo ya nuna matsayinsa a taswira.

Sai dai akwai matsala. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi. Da zarar an buɗe kai, ruwan da ke kewaye da ita ya zuba, sai ta gusa, taswirar kuwa tana nan yadda take. Don haka likitoci kan sake dubawa ana cikin aiki, da irin na'urar da ake duba masu juna biyu.

Mutumin Adabka ko Gummi yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma babu na'urar da za ta mayar da abin da jinkiri ya ɓata. Ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, ko dushewar gani, ko farfaɗiyar da ta fara wa mutum bayan ya girma, alamomi ne da ya kamata a kai wa likita da wuri, kada a tsaya ana ɗora wa iskoki laifi.