Neman biza: abin da ya kamata ku sani kafin ku miƙa wa ejan fasfo

A watan Nuwamba na 2023, wani jirgin kamfanin Air Peace ya taso daga Legas, ya biya ta filin jirgin Malam Aminu Kano ya kwashi sauran fasinjoji, ya sauka Jidda da mutum 264, kowa da bizarsa a hannu. Saukarsu ke da wuya hukumomin Saudiyya suka ce an soke bizar. Sai da jami'an jakadancin Najeriya suka sa baki aka bar mutum 87 suka shiga, sauran 177 aka juyo da su gida. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ya fitar shi ne, waɗanda aka mayar sun ba da bayanan da ba daidai ba, suka karɓi irin bizar da ba tasu ba. A ganina, da yawansu ba su taɓa ɗora ido a kan fom ɗin da aka cika da sunansu ba.

Haka abin yake faruwa da mutanenmu. Mutumin Yalwa, ko na Rurum, ko na Tarai, ya sayar da amfanin gona ko ya kai sa kasuwa, ya ƙulle kuɗi da fasfo ya damƙa wa wani a Kano da aka ce masa "yana da hanya". Daga nan sai jira. To, a sani: ƙasar da za a je ita kaɗai ke da ikon bayarwa ko hanawa. Ejan, komai gaskiyarsa, cika fom ne aikinsa da kama ranar ganawa da sayen tikiti. Duk wanda ya ce maka ya ɗauki alkawarin biza za ta fito, ya yi alkawarin abin da ba nasa ba. Abin da ke hannunka shi ne takardunka su faɗi gaskiya, bakinsu ya zo ɗaya, ka nemi bizar da ta dace da abin da zai kai ka, ka kuma fara da wuri.

A fara da suna, domin nan ne ƙafar mutumin karkara ta fi zamewa. A takardar firamare an rubuta Muhammadu, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki Muhammad. Wani wurin an liƙa masa Rano ko Kibiya a ƙarshen suna, wani wurin an sa sunan kakansa. Ranar haihuwa kuwa, wanda ya yi masa rajista ne ya ƙiyasta, ya rubuta ɗaya ga Janairu. A gida ba wanda zai damu, kowa ya san ɗan gidan wane ne. Kwamfutar ofishin jakadanci ba ta san gidan kowa ba. Yanzu Hukumar Shige da Fice daga lambar NIN take ɗauko bayanan fasfo, saboda haka kuskuren da ke can shi zai hau fasfo, ya bi ka har ƙasar waje. Gyara a hukumar NIMC mai ba da NIN yana cin lokaci, sai a yi shi tun kafin maganar tafiya ta taso, a daidaita NIN da BVN da takardar haihuwa da takardun makaranta. Fasfo kansa, tun 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. A intanet ake biya, mutum ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ƙasashe da yawa ba sa buga biza a fasfon da saura ƙasa da wata shida ya mutu. A haɗa da katin rigakafin shawara na gaskiya, wanda aka yi allurar kafin a bayar.

Saudiyya ce inda mafi yawan mutanenmu suka nufa, don haka bari in daɗe a kanta. Bizar Hajji daban, ta Umara daban, ta ziyara daban, ta aiki daban, kuma ba a aron ɗaya a yi aikin ɗaya. Kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, take fitowa, ko dai ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha, wadda ke da jami'inta a kowace ƙaramar hukuma, ko ta kamfanin jirgin yawo da NAHCON ta ba lasisi. Mai tara kuɗi a hankali yana da tsarin adashin gata da aka ƙaddamar a Kano a 2020 tare da bankin Jaiz. Bayan waɗannan babu wata ƙofa. Amma kowace shekara sai an sami masu tallan "Hajji mai sauƙi": a shigar da mutum da bizar ziyara ko ta Umara, ya laɓe a Makka har ranar Arfa. A Hajjin 2024, da aka yi cikin matsanancin zafi, Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ba su da tanti, ba su da mota, suna tafiya a rana suna gudun askarawa. A 2025 aka sa wa masu Umara ranar 1 ga Zulƙida su fice daga ƙasar, aka kuma yanka tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini, ga kora da hana shiga na shekara goma. Dattijon da ya yi shekaru yana tara kuɗin sauke farali bai cancanci a jefa shi cikin wannan ba.

Mai zuwa neman kuɗi shi ma ya buɗe ido. Bizar Umara ba ta halatta aiki. Wanda ya wuce wa'adinsa ya zama ba shi da igama, wato izinin zama, ko asibiti sai ya yi shakkar zuwa, ƙarshenta tarhil, wato a kama shi a koro shi gida. Bizar aiki ta gaskiya tana zuwa da sunan kafili, wato mai ɗaukar aikin, da takardar yarjejeniya mai faɗin aikin da albashin. Iyaye, musamman na 'ya'ya mata da ake cewa za a kai aikatau, ku nemi ganin wannan takarda, ku sa wanda ya iya Larabci ko Turanci ya karanta muku. In ejan ya ce sai an isa can za a gani, ko ya ce yarinya za ta biya kuɗin tafiyar daga albashinta, ku tsaya. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofis a Kano, kuma irin wannan magana aikinta ne.

Ingila da Amurka da ƙasashen Turai tambaya ɗaya ce a ransu: wannan mutum zai dawo? Dokar Amurka ma ta fito fili, sashe na 214(b) ya ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama, sai in ya gamsar da jami'i cewa yana da abin da zai dawo da shi. A nan manomi da ɗan kasuwar ƙauye suke cutuwa ba da laifinsu ba. Mutum yana da gonaki, da shanu, da buhunan shinkafa da masara a ɗaki, amma asusunsa na banki ba ya nuna komai, don cinikinsa hannu da hannu ne. Sai ejan ya ce a zuba masa miliyoyin aro na mako biyu a fitar da takardar banki. Jami'an biza sun ga wannan dabara sau ba adadi. Kuɗin da ya faɗo asusu rana ɗaya ba a san mafarinsa ba, shi ne abin da suke fara tuhuma. Abin da ya fi shi ne mutum ya riƙa shigar da cinikinsa banki wata da watanni, ya adana rasit, ya mallaki takardar gona ko ta shago, in da hali ya yi wa sana'arsa rajista. Ɗan kuɗi kaɗan mai tarihi ya fi tulin da ba shi da asali. In ɗa ko ƙane ne zai ɗauki nauyin tafiyar, a faɗi haka, a kawo takardunsa da shaidar dangantaka.

Ƙarya kuwa raminta ƙurarre ne, kuma a wannan fage tsadarta ta wuce misali. Ingila tana iya rufe wa mutum ƙofa shekara goma saboda takardar bogi. A Amurka haramcin na har abada ne. Cewa "ejan ne ya cika" ba ya wanke kowa, tunda da sunanka aka sa hannu. Kafin a tura fom, a karanta maka shi layi-layi: aure, yawan 'ya'ya, sana'a, ƙasashen da ka taɓa zuwa. Fom ɗin Amurka, DS-160, tun 2019 yana tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta irin su Facebook cikin shekara biyar. Lambar waya da adireshin imel su zama naka, kada su zama na mai shagon intanet, domin ta nan saƙo zai zo.

Game da Amurka, ƙofar ta ƙara ƙuntata. Tun 8 ga Yuli 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. A Disamba 2025 kuma aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu da ta zama. Kuɗin nema, dala 185, ba a mayarwa ko an hana. Cacar biza ta Amurka kuwa, an fi shekara goma da cire Najeriya daga cikinta, saboda haka mai karɓar kuɗin mutane da sunanta damfara yake yi. Ingila ma ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali tun Janairu 2024, ta kuma rufe ɗaukar masu aikin kula da tsofaffi daga waje a Yuli 2025. Har yanzu akwai masu tallan wannan aiki, a yi hattara.

Sai maganar sassauci, wadda ake yawan ruɗa mutane da ita. Akwai inda ba a buƙatar biza sam: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana, Benin, Togo, Senegal da sauran ƙasashen ƙungiyar ya zauna kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairu 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da. Mai zuwa Maraɗi ko Damagaram dai ya riƙe cikakkun takardunsa. Akwai ɗage ganawa ido da ido ga mai sabunta bizar Amurka, wanda aka ƙuntata ƙwarai a 2025. Akwai kuma afuwa ga wanda aka haramta wa shiga. A dokar Amurka, wanda ya zarce wa'adi da fiye da kwana 180 ya fita, shekara uku ba zai koma ba; in zarcewar ta kai shekara, goma ce. Mai neman zama can da ke son a yafe masa sai ya tabbatar cewa mijinta, ko matarsa, ko mahaifi ko mahaifiya, wanda ɗan ƙasar ne ko mai takardar zama, zai shiga matsanancin hali in ba a bar shi ya shiga ba. Aikin lauyan da ya san dokar ƙasar ne, ba a sayen sa a bakin titi. Wanda aka hana a ƙarƙashin 214(b) kuwa ba shi da afuwa ba shi da ɗaukaka ƙara, sai dai ya sake nema in halinsa ya canja.

Jinkiri shi ne ke cin zuciya. Ingila takan yanke hukuncin bizar ziyara cikin mako uku daga ranar ɗaukar zanen yatsu. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen kwana 15 ne, yana iya kaiwa 45, kuma sun yarda a nema tun saura wata shida. Amurka, in jami'i ya miƙo takarda mai lamba 221(g), ma'anarta ana ƙarin bincike ko ana son wata takarda. A shafinsu za a ga kamar an hana, alhali maganar ba ta mutu ba. Mutum yana da shekara guda ya kai abin da aka nema, kuma su da kansu suna cewa a jira kwana 180 kafin a tuntuɓe su, sai in lalura ce ta gaggawa. A irin wannan lokaci ne 'yan damfara ke kira suna cewa suna da mutum a ciki. Ba su da kowa. Inda ake biyan kuɗin gaggawa a hukumance, kamar na Ingila, saurin amsa ake saya, amsar na iya zama a'a. Mai rashin lafiya da za a kai Masar ko Indiya, takardar asibitin can da rahoton likitan nan su ne ke sa a duba shi da wuri. Ɗalibi ya sanar da makarantarsa halin da ake ciki, sau da yawa sukan ɗaga masa zuwa zango na gaba. Ina roƙon 'yan'uwa, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, kada a jinginar da gona, kada a bar aiki, sai biza ta zo hannu an karanta irinta da wa'adinta.

In an hana, a karɓi takardar a adana, a sa a karanta dalilin. Sake nema bayan mako guda da takardun jiya asarar kuɗi ce. A gyara abin da suka ambata tukuna. A fom na gaba za a tambaya ko an taɓa hana ka biza, a nan ko a wata ƙasa. Ka ce e, ka faɗi yaushe. Wasu sukan ba da shawarar a yi sabon fasfo da wani suna. Zanen yatsun da aka ɗauka ranar farko yana nan a ajiye, kuma Amurka da Ingila da Kanada suna musayar irin waɗannan bayanai a tsakaninsu.