Daga Rimi Zuwa Kurmi a Ƙafa

Ɗalibai, kun san daga ina kayan miyar gidanku suke zuwa? Wata Asabar ku nemi izinin iyaye, ku ɗauki littafi da biro, ku taka daga Kasuwar Rimi zuwa Kurmi a cikin birnin Kano. Wanda ya hau adaidaita sahu wucewa kawai zai yi. Mai tafiya a ƙasa shi ke shaƙar ƙamshin daddawa, har ya samu damar yin tambaya.

Kurmi ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe kayan nesa suna sauka Kano. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, manja da goro daga Kudu, kanwa daga wajen Tafkin Chadi, dabino kuwa ana kawo shi har daga Nijar.

Ku gaida mai kaya tukuna: "Baba, ina kwana? Nawa ne kwanon wake?" Ku rubuta farashin rumfa uku, ku kwatanta. Ranar da aka aike ku cefane, ba za ku biya kuɗin baƙo ba.