Attack on Titan: Katun ɗin Japan da ya mayar da jaruminsa dodo

A gindin madatsar ruwa ta Oyama da ke lardin Oita a kudancin Japan, akwai mutum-mutumin wasu yara uku da suka ɗaga kai suna kallon bangon madatsar cikin firgici. An kafa su a 2020. Sunayensu Eren da Mikasa da Armin, taurarin Attack on Titan, kuma a wannan gari da duwatsu suka yi wa ƙawanya aka haifi Hajime Isayama, wanda ya ƙirƙire su, a 1986.

Isayama ya fara fitar da labarin cikin zane, abin da Japanawa ke kira manga, a mujallar kamfanin Kodansha a watan Satumban 2009, bayan wata babbar mujallar ta ƙi karɓarsa. Ya kammala shi a 2021 da babi 139. Katun ɗin kuwa ya soma a talabijin a 2013, ya ƙare a Nuwamban 2023, lokacin da kwafin littattafan da aka buga ya haura miliyan 140.

Duk wanda bai kalla ba ya sani, daga nan za a fasa ƙwai.

Da farko labarin ba shi da wuya. Ragowar 'yan Adam na zaune a cikin ganuwa uku, Maria da Rose da Sina, kowace tsayinta mita 50, suna ɓuya daga wasu samudawa masu cin mutane. Wata rana wani mai tsayin mita 60 ya leƙo ta saman ganuwar, ya yi fatali da ƙofa. A gaban idon Eren, yaro ɗan shekara 10, aka cinye mahaifiyarsa. Ya yi rantsuwar sai ya ga bayan samudawan kaf, kuma babu mai kallon da bai goya masa baya ba.

Isayama ya taɓa bayyana cewa wani abokin ciniki da ya bugu a shagon intanet ɗin da ya yi aiki ne ya ba shi siffar samudawan: mutum kamar kowa, amma magana ba ta shigarsa. Shi ya sa abin tsoro a jikinsu ya fi yawa a fuska, wannan murmushin mara dalili da suke yi suna tauna mutum.

A zango na uku komai ya juye. Ashe duniya cike take da mutane a ƙetaren teku, kuma samudawan 'yan uwan Eren ne, ƙabilar Eldiya, waɗanda daular Marley ke yi wa allura ta mayar da su dodanni. A can Marley an killace 'yan Eldiya a unguwa guda, an tilasta musu ɗaura ƙyalle a damtse, ana koya wa 'ya'yansu cewa laifin kakanninsu na kansu.

Nan ne marubucin ya ɗana wa masu kallo tarko. Zango na ƙarshe ya buɗe da Gabi, yarinya 'yar shekara 12 da aka horar ta zama sojar Marley. Eren ya faɗa wa garinsu, ya kashe fararen hula har da yara, ita ma ta yi irin rantsuwar da ya yi yana yaro. Da ta harbe Sasha, wadda masu kallo ke matuƙar so, sai aka yi mata ca a shafukan sada zumunta, alhali abin da aka tafa wa Eren shi ta maimaita. Mahaifin Sasha ya samu wuƙa a hannu da damar ramawa, ya ƙi, yana ganin manya ne ya kamata su ɗauki nauyin wannan gaba su fitar da yara daga cikinta. Wannan fage ya fi duk faɗace-faɗacen fim ɗin nauyi.

Eren dai bai bi wannan hanya ba. Ya saki samudawan da ke cikin ganuwar suka tattake kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya, kafin Mikasa, wadda ta fi kowa ƙaunarsa, ta sare masa kai.

Ƙarshen ya raba kan masoya. Wasu sun ce an sassauta wa mai kisan kiyashi, tunda abokansa sun yi masa kuka. Wasu kuma har yau suna kare shi da cewa ba a bar masa zaɓi ba, hujjar da shi kansa labarin bai amince da ita ba, domin ya nuna fuskokin waɗanda aka tattake, ciki har da Ramzi, wani yaro ɗan gudun hijira da Eren ya taɓa ceta.

Iyayen da ke miƙa wa yara waya da zarar sun ga zane ne su lura: akwai jini da gutsattsarin jiki tun kashi na farko. Chaina ta sanya shi cikin katun ɗin Japan 38 da ta haramta yaɗawa a intanet a 2015.

Bayan mutuwar Eren, hotunan ƙarshe sun nuna garinsu ya bunƙasa da dogayen gine-gine, shekaru sun shuɗe, sannan jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai. Wani yaro da karensa suka ratsa kufan, suka isa gindin ƙatuwar bishiyar da aka binne kan Eren.