Warangi: Ƙaramin Kifin Da Ke Riƙe Da Kasuwar Manya

MINNA — Mai sayen busasshen kifi a kasuwannin Minna ya fi kallon giwan ruwa da karfasa, ba kasafai yake tsayawa kan mudun warangi ba. Amma kuwa wannan ɗan kifi, wanda galibi bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi ne jarin da kamun kifi ya dogara a kai a tafkin Kainji.

Tafkin ya samu ne bayan an kammala madatsar Kainji a 1968. Warangi ya yaɗu a cikinsa ƙwarai, yana cin ƙananan halittun ruwa, manyan kifaye kuma suna cin sa. Irin wannan tsari masana suka tarar a teku ma. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya nuna cewa ƙananan kifayen da ke ɓuya a duwatsun murjani, irin su bileni da gobi, su ne kusan kashi 60 cikin 100 na naman kifin da ake ci a wurin, domin suna saurin haihuwa, suna saurin mutuwa.

Matsalar Kainji ta taso ne daga kayan kamu. Masunta sun rungumi dala, wato doguwar koma mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa. Dala ba ta tantancewa: tana kwaso warangi tare da ’ya’yan karfasa da na giwan ruwa waɗanda ba su kai ga haihuwa ba. Ribar yau ke nan, asarar baɗi. Wannan ya sa aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin, wanda aka soma a 1993, ya goyi bayan hana dala, jihohin Neja da Kebbi kuma suka haramta ta a ƙarshen shekarun 1990. Kafa doka dai daban, tsare ta a kan ruwa daban.

Akwai wata kasuwar kuma. Abinci shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin mai kiwon tarwaɗa, garin kifin da ake haɗa shi da shi kuwa mai tsada ne, yawanci daga waje ake shigo da shi. Masana a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa sun daɗe suna gwada garin warangi a madadinsa. Sai dai duk buhun da ya tafi injin niƙa ya fita daga tukunyar talaka, ya kuma fita daga bakin giwan ruwan da dillalan Minna ke jira.