ZIRIUMS: Mawaƙin da ya ce a girgiza kai, kotu ta ce ba ta yarda ba

Idan ana maganar mawaƙan Hausa masu salon hip-hop, wato masu zubo magana a kan kiɗa ba tare da jan murya ba, yawancin matasan yanzu za su fara da ambaton su ClassiQ da DJ AB da Morell. To amma kafin waɗannan su yi tashe, akwai wani ɗan Kano da ya sha ƙurar share fagen. Shi ne Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Kada mai karatu ya ruɗe, ba shi ne Nazir M. Ahmad Sarkin Waƙa ba. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ziriums ya fito ne a lokacin da waƙar fim ɗin Hausa ta ginu a kan fiyano da muryar mace da namiji suna amsa wa juna, a kan soyayya. Shi kuwa sai ya ɗauki wata hanyar daban. Jarinsa magana ce: ya jero ta da sauri, ya sa mata amsa-amo, ya cusa habaici a ciki, ya faɗe ta da murya irin ta ɗan wasa, yanzu ya yi kamar mai wa'azi, an jima ya yi kamar mai tsokana.

Masu suka sun ce wannan kwaikwayon Amurkawa ne kurum. Gaskiya ne an haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin Niyok a wajen 1973. Amma duk dattijon da ya ci kasuwannin ƙasar Gwarzo da Kabo a da, ya san 'yan gambara, masu tsayawa a tsakiyar taro suna jefa zambo da habaici a kan kiɗa, wannan ya faɗa wancan ya amsa. Ya kuma san 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai suna ba jama'a dariya. Ashe haɗa magana mai tsari da kiɗa da wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kayan kiɗan ne suka sauya.

Bambancin yana wajen dandali. A Amurka, masu irin wannan fasaha sun samu shiga manyan gidajen wasan kwaikwayo. A 2002 an kai shirin Def Poetry Jam dandalin Broadway, inda mawaƙan baka ke tsayawa su karanto baitocinsu a gaban 'yan kallo, har ya ci lambar yabo ta Tony a 2003. Ɗaya daga cikinsu, Lemon Andersen, ya mayar da tarihin rayuwarsa wasan mutum ɗaya mai suna County of Kings. A 2015 kuma wasan Hamilton ya ba da tarihin kafuwar Amurka da salon hip-hop. Su can sana'ar ta kai su dandali. Shi kuwa Ziriums, tasa sana'ar sunan waƙarsa ta kai gaban alƙali.

Masu bin harkar industiri ba za su manta da 2007 ba. Bayan wani bidiyon waya da ya tayar da ƙura a Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka fito da sababbin ƙa'idoji masu tsauri, musamman a kan rawa da waƙa. Hujjar hukumar ita ce kare tarbiyyar al'umma, kuma ta samu goyon bayan malamai da iyaye da yawa. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, sannan Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. 'Yan fim da dama suka tattara nasu-ya-nasu suka koma Kaduna da Jos da Abuja.

Ana cikin wannan hali ne Ziriums ya saki "Girgiza Kai". Dabarar waƙar ita ce ta sa ta shiga ran jama'a. Maimakon ya fito ya yi zagi, sai ya yi kamar mai ba abokan sana'arsa shawarar su bi doka: tunda an hana rawa, wanda kiɗa ya yi wa daɗi ya tsaya a kaɗa kai kawai. A zahiri biyayya ce, a baɗini kuwa kowa ya san inda aka dosa. Wannan shi ne habaici irin na 'yan gambara, wanda mai shi ke gane kayansa.

Kuma mai shi ya gane. A 2009 kotun tafi-da-gidanka mai kula da shari'un hukumar, a ƙarƙashin Mai Shari'a Mukhtar Ahmad, ta haramta waƙoƙi 11, ta hana sayar da su da yaɗa su da ma sauraren su. "Girgiza Kai" na ciki, tare da "Oyoyo" ta Adam A. Zango da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala, wanda shi ma aka kama shi a shekarar.

Sai dai an ce hana wani, hana kai. Waƙoƙin ba a kaset suke yawo ba, balle a je kasuwar Ƙofar Wambai a kwashe. A waya suke. Duk saurayin da wayarsa ke da bulutut, ko a Fagge yake ko a tashar motar Gwarzo, cikin minti kaɗan zai tura wa na kusa da shi. Jerin da kotu ta fitar sai ya zama tamkar talla: wanda bai taɓa jin waƙoƙin ba ya shiga neman su. Wayar hannu ta zame wa Ziriums dandalin da bai samu a gari ba.

Amma dandalin waya ba ya biyan kuɗin ƙofa. Waƙa ta zagaye gari, mai ita bai ga ko sisi ba, ga kuma fargabar kamu. Ziriums ya koma Abuja, inda ya yi "Government Money" tare da wasu mawaƙa. Labarinsa ya fito a fim ɗin gaskiya mai suna Recording a Revolution. A 2010 ya saki kundinsa This Is Me ta intanet, ba ta hannun 'yan kasuwar Kano ba. Daga baya ya ƙaura Amurka, ƙasar da aka ce yana kwaikwaya.

A 2011 gwamnati ta sauya, Malam Rabo ya bar hukumar. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, inda Nomiis Gee ya riƙa gabatar da shirin mawaƙan hip-hop na Arewa a talbijin, a fili, ba a ɓoye ba. Yaron Kabo ko Getso da ke rubuta baitoci a bayan littafin makaranta yana da YouTube da TikTok a aljihunsa. Yana da kyau ya san cewa akwai shekarar da sauraren irin waƙar da yake mafarkin yi laifi ne a gaban kotu, kuma akwai wanda ya yi ta duk da haka, ya biya da barin gida.