Ƙarar da Ba a San Mai Ita Ba: Me Rediyo Ke Kamowa a Fadamar Haɗeja?

Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo a gajeren zango ya san tsakanin tasha da tasha ba shiru ake yi ba. Akwai shuu, akwai ƙyas-ƙyas, akwai fito, wani lokaci har muryar mutum na jero lambobi. A da ba wanda ya damu, tunda abin nema shi ne BBC ko Jamus ko Kaduna a mita 49. Yanzu da samari suka fara sayen sikana mai lalubo zangunan rediyo, da 'yar na'urar nan mai siffar filashi da ake cusa wa kwamfuta ta koma rediyo, sai ƙarar ta zama abin naɗa a waya a tura ta WhatsApp, kowa da tasa fassarar. Ruwa ba ya tsami banza, wasu maganganun suna da tushe. Amma tushen yawancinsu bai wuce katangar gidan mai sauraro ba.

Mu fara da wadda aka fi yaɗawa, wai ƙarar da ke cika zango da rana saƙon sirri ne na wasu baƙi da suka ɓuya a daji. Kafin a kai ga baƙi, a leƙa bakin gona. Injin ban ruwa mai fetur yana da fulogi, kuma duk tartsatsin da fulogin ya yi, rediyon da ke kusa zai ji shi a matsayin ƙyas. Shi ya sa a lokacin noman rani, daga Auyo zuwa Kirikasamma, za ka ji wani tat-tat-tat a jere, yana ƙara sauri idan aka ba injin wuta, yana raguwa idan aka sassauta. Injin dizal ba shi da fulogi, saboda haka ba ya yin wannan. Babur kuwa kamar injin fetur yake: ƙarar ta taso, ta kai ƙarshe daidai ƙofar gida, ta dushe. Sai kuma sababbin masu laifi, wato inbata, da na'urar cajin batirin sola, da cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na zamani. Su gurnani suke yi, kuma gurnanin yana maimaita kansa a tazara ɗaya in ana murɗawa. Gwajin ba ya cin ko kwabo. A sa wa rediyon batir, a kashe komai na gidan, sannan a kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ko a ɗauki rediyon a yi tafiyar 'yan mintuna. Tashar da ta ƙetaro teku ba ta san ka bar unguwarku ba. Ƙarar da ta mutu don ka yi nisa da gida, 'yar gida ce.

Muryar Bature mai kiran lambobi kuwa, wadda ake jin gefe ɗaya na zancenta kawai, galibi matuƙin jirgin sama ne. Tsakanin megahaz 118 da 137 aka keɓe wa jirage, dab da saman zangon FM. Sararin samaniyar Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi a taswirar matuƙa, kuma jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suna ratsa sararin arewa. Jirgin da ke sama da kilomita 10 ana iya jin sa daga nisan ɗaruruwan kilomita, alhali mai ba shi amsa yana ƙasa, doron duniya ya kare shi daga Haɗeja. Lambobin nan tsayin da jirgin yake ne da inda ya dosa. A gajeren zango ma suna magana, kamar a kilohaz 8903, sai dai da wani salon watsawa da ƙaramin rediyo ba ya iya warwarewa, sai muryar ta fito kamar kukan agwagwa. Wannan ce wasu ke rantsuwa muryar aljanu ce.

To, ƙarya ne ke nan a ce 'yan leƙen asiri na amfani da rediyo? A'a, wannan gaskiya ne. Ana Montes, ma'aikaciyar leƙen asirin sojan Amurka da aka kama a 2001, ta gajeren zango take karɓar umarni daga Kuba, a jeren lambobi. Rasha na da wata tasha a kilohaz 4625 da ta shafe shekaru fiye da 40 tana ƙugi ba dare ba rana, jefi-jefi a katse a karanta sunaye da lambobi. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa don an ji irin wannan a Haɗeja, mai saƙon ko mai karɓarsa yana Haɗeja. Gajeren zango yana bugun wani ɓangare na sararin sama ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Haka matsakaicin zango ke yi bayan faɗuwar rana, abin da ke kawo Larabci da Sifaniyanci da tsakar dare, su ɓace da hantsi.

Maganar cewa mai sikana na sauraron wayar mutane, ta tsufa. A zamanin wayar 090 hakan na yiwuwa. Tun zuwan GSM a 2001 murya ta koma lambobin kwamfuta a kulle, abin da sikana ke samu sai ɗiɗ-ɗiɗ-ɗiɗ ɗin nan da ke shiga lasifika kafin kira ya shigo. Inda ya kamata a ji tsoro ba a ji: oba-oba mai araha, irin Baofeng da 'yan sintiri da masu gadi ke riƙewa, a buɗe take. Duk mai irinta da ya dace da zangon zai ji komai. Kuma ko ba a faɗa ba, danna maɓalli a yi magana a zangon da ba a ba ka lasisi ba laifi ne a dokar ƙasa, balle na jirage.

Akwai wata 'yar fim-fim da za a iya cin karo da ita wajen megahaz 150, duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Masu binciken dabbobi na maƙala wa tsuntsu ƙaramar na'ura don bin sawunsa, ga shi kuwa dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, masauƙin tsuntsayen Turai ne da hunturu. Irin wannan na'urar rauni gare ta, sai tsuntsun na kusa ake jin ta, kuma ba ta ɗaukar murya. A 2013 an tsare wata shamuwa a ofishin 'yan sanda a lardin Kena na Masar kan zargin leƙen asiri, daga baya aka gane na'urar masu bincike ce a bayanta.

Wadda ta fi damuna ita ce ta damina, domin ita ke sa mutum ya kwashe iyali ko ya ƙi kwashewa. Ana cewa in rediyo ya cika da ƙaraf-ƙaraf a watan Agusta, alama ce za a sako ruwan Tiga ko Challawa. Mutanen da suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba za a ga laifinsu ba in sun kasa kunne ga komai. Amma wannan ƙarar walƙiya ce. Kowace walƙiya na fitar da igiyar rediyo, kuma matsakaicin zango na kamo ta daga hadarin da ko gizonsa ba a hango ba. Tana nuna ana hadari a wani wuri, ba ta faɗin ina, ba ta faɗin yawan ruwan, ba ta san cikar dam ba, ba ta kuma san yadda kacala ta toshe hanyar kogi ba. Gargaɗin ambaliya daga hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwayen ƙasa yake fitowa, da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, kuma da bakin mutum ake karanta shi a gidajen rediyo.

Wanda ya kamo abin da ya ɗaure masa kai, ya rubuta zangon daidai, da lokacin, da yanayin gari, ya sake dubawa gobe war haka. Naɗin murya ba tare da lambar zango ba, ko injiniya ba zai iya cewa komai a kansa ba.